Tari da mura a jikin yara: wanne ake jinya a gida, wanne ake garzayawa asibiti

Da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da wuya ka yi sallama a gida mai yara ba ka jiyo tari daga ɗaki ba. Hazo ya rufe gari, ƙura ta shiga ko'ina, leɓe ya tsage, majina na zuba. Farkon damina ma haka abin yake. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, kuma yawancinta tana wucewa da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Sai dai a cikin wannan tarin da muka saba da shi ne ciwon huhu yake ɓuya, wanda muke kira limoniya ko sanyin haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000. Alƙaluman UNICEF na 2018 kuma sun nuna Najeriya ce kan gaba a duniya da yara 162,000, ta wuce har Indiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ba shi da tsada, kuma gane ciwon ba ya buƙatar na'ura. Agogo da ido sun isa. Wannan jagorar ta uwa ce, amma ina so maigida da kaka su ma su karanta, domin sau da yawa su ke yanke shawarar a tafi asibiti ko a bari sai gobe.

Mataki na farko: ƙirga numfashinsa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wurin kam, kada ki dogara da kimar ido. Ƙirga za ki yi.

Ki bari yaron ya natsu tukuna. Idan yana kuka, ko yana tsotson nono, ko ya gama tsalle-tsalle, lissafin ba zai fito daidai ba. Lokacin barci ya fi, ko yana kwance lamo a cinyarki. Ki ɗage rigarsa ki zuba ido a cikinsa ko ƙirjinsa. Ɗagowa da komawa, numfashi ɗaya ke nan. Ki kunna agogon wayarki, ko ki sa wani ya riƙa duba miki, ki ƙirga na cikakken minti ɗaya. Kada ki ƙirga na rabin minti ki ninka, domin numfashin jarirai ba ya tafiya bai ɗaya: sukan yi sauri, su ɗan tsaya, su ci gaba. Idan ya motsa ko ya fara kuka a tsakiya, ki rarrashe shi ki sake daga farko.

Ga iyakar da malaman asibiti suke aiki da ita:

Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri.
Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, numfashi 40 ko fiye.

Sittin, hamsin, arba'in. Ki rubuta su a bayan katin awonsa. Idan lissafin ya kai iyaka, ki ɗan jira ki sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, to yaron na ganin malamin asibiti ne yau, ko da yana ɗan wasa, ko da yana karɓar abinci. Dalili kuwa shi ne, a ciwon huhu ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu suna cika da ruwa da mugunya, wurin da ya rage wa iska ya yi kaɗan, sai jiki ya riƙa cike giɓin da saurin numfashi. Wannan saurin yakan riga sauran alamomi bayyana. Zazzaɓi mai zafi ma yana ƙara saurin numfashi, haka zazzaɓin cizon sauro, amma rarrabe su aikin asibiti ne da gwajin jini.

Shawarata, ki gwada ƙirgawar tun yaron yana lafiya lau. Hannunki zai faɗa, kuma za ki san yadda numfashinsa yake a ranar lafiya, ta yadda daren da ya canza ba sai an gaya miki ba.

Mataki na biyu: dubi ƙasan ƙirji, ki saurara

Rigar tana ɗage, ki dubi inda haƙarƙari suka ƙare, sama da ciki. Yaro mai lafiya idan ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke ɗagowa. Idan kuwa kika ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alhali yana natse, huhun ya yi tauri ke nan, da ƙarfi yake jawo iskar. Wannan ya fi saurin numfashi muni.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu. Ya kasa kama nono ko shan ruwa. Duk abin da ya shiga cikinsa sai ya amayar. Ya yi jijjiga ko taune-taune. Ya yi laushi, barci ya yi masa nauyi har da ƙyar ake tashinsa. Yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko kansa yana gyaɗawa tare da numfashin. Ana jin wata ƙara mai kaushi daga maƙogwaro idan ya ja iska, ba tare da yana kuka ba. Harshensa ko cikin leɓensa ya rikiɗe ya yi duhu ko toka-toka. A fatarmu ba a cika ganin wannan canjin a waje ba, don haka baki za ki buɗe ki duba. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a nemi abin hawa.

Wasu yaran kuma ba a jira musu ko da waɗannan alamomin. Jaririn da bai cika wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ko jikinsa ya yi sanyi fiye da yadda aka saba, asibiti ne kai tsaye. Haka mai sikila: zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji a jikinsa na iya juyewa cikin sa'o'i kaɗan. Haka mai tamowa, wanda ciwon kan ci shi a ɓoye ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Haka wanda ya tashi daga ƙyanda.

Maigida, a nan maganar taka ce. Ka ba da izini tun yanzu, a gaban mutanen gida, cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a tafi da yaro ko kana nan ko ba ka nan. Ka ajiye kuɗin mota a inda uwargida ta sani, ka kuma ba ta lambar mai babur ko mai adaidaita da zai ɗaga waya da tsakar dare. A hanya a ci gaba da ba shi nono in yana karɓa, a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi.

Mataki na uku: idan mura ce kawai

Numfashi bai kai iyaka ba, ƙirji ba ya lotsawa, yana sha yana ci ko da kaɗan ne. Wannan jinyar gida ce, kuma ta fi buƙatar haƙuri fiye da kuɗi.

Fara da hanci. Jariri ta hanci yake numfashi yayin da yake tsotso, shi ya sa idan hanci ya toshe sai ya riƙa sakin nono yana kuka, ki ɗauka ƙin ci yake yi. Ki sayi ruwan gishirin ɗigawa a hanci a kemis, ko ki haɗa da kanki: rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, kimanin mililita 250. Ɗigo biyu a kowace ƙofa kafin shayarwa da kafin barci, sai ki goge abin da ya fito da tsumma mai laushi. Na haɗin gida a riƙa sabunta shi kullum.

Sai abin sha. Wanda bai kai wata shida ba nono ne maganinsa, ki ƙara yawan ba shi, ba ruwa ba jiƙo. Wanda ya wuce haka a haɗa masa da ruwa mai ɗumi, kunu, romo, lemon zaƙi. Ruwa ne yake tsinka kakin da ya maƙale ya fito da sauƙi. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kada a yi faɗa da shi a kan cinye kwano.

Ga tarin dare, zuma tana taimakawa ƙwarai: rabin cokalin shayi zuwa ɗaya kafin kwanciya, ita kaɗai ko a ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami. Amma da sharaɗi mai ƙarfi, sai yaron da ya cika shekara ɗaya. Zuma kan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjin jariri ba ya iya kashewa, tana iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Na san darajar zuma a wurinmu, na kuma san yadda ake lasa wa jarirai ita da kyakkyawar niyya, amma a jira shekarar ta cika.

Idan zazzaɓi ya hana shi sakat, farasitamol ne abin bayarwa, kuma da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Na ruwan da aka fi samu yana da miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5. Ke nan yaro mai kilo 8 zai sha mililita 5, mai kilo 12 kuma 7.5. Ki karanta jikin kwalbar, domin na ɗigawa a bakin jarirai ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Da sirinji ko murfin awon da ya zo da maganin za ki auna, ban da cokalin tuwo. Ki kuma lura, yawancin haɗaɗɗun magungunan mura akwai farasitamol a ciki, idan kika haɗa biyun kin ninka, hanta ce za ta ji jiki. Asfirin kuwa ba na yara ba ne. Sannan a ƙasarmu duk yaron da ya yi zazzaɓi ya kamata a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ko da tari ne a gaba.

Ki sa masa tufafi masu ɗumi, amma kada ki naɗe mai zazzaɓi da bargo uku. Wanka ba ya kawo limoniya, ƙwayoyin cuta ne suke kawo ta. A yi masa da ruwan ɗumi idan rana ta ɗaga, a goge shi da wuri. Abin da ya kamata a tsorata da shi hayaƙi ne. Goyon da ke bayanki a gindin murhu yana shaƙar abin da kike shaƙa, da huhun da bai ƙosa ba. Ki ba wani ya riƙe shi har ki sauke tukunya. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da sigarin maigida duk su yi nesa da ɗakin da mai tari yake kwana. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki saboda sanyi kuwa, wannan ganganci ne da rai: yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe ɗaki guda cikin barci.

Kullum safe da dare ki sake ƙirga numfashin. Mura takan raunana hanyar iska, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo a kwana na huɗu ko na biyar, a kai shi a duba.

Abubuwan da nake roƙo a bari

Na farko ɗura. A kwantar da yaro, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu ko jiƙo ko magani yana shure-shure. Yaron da numfashi ke yi wa wuya, idan aka yi masa haka, abin yakan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya haifar da limoniyar da ake gudu, wani lokaci ma ya shaƙe nan take. Ki zaunar da shi, ki ba shi da cokali ko sirinji ta gefen kunci, kaɗan-kaɗan. In ya ƙi sha gaba ɗaya, ai ita ce alamar da muka ambata a sama, asibiti take nufi.

Na biyu kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yi masa tsaga a ƙirji. Kaka, Allah ya ƙara girma, mun san don ƙauna ake yi. Amma beli halitta ce, kowa da nasa, kuma tarin daga ƙasa yake tasowa, can cikin huhu. Yanke shi na jawo zubar jini, da cutar sarƙe haƙora, da kasa tsotson nono na kwanaki a daidai lokacin da yaron ya fi bukatarsa.

Na uku sayen kafso ko antibayotik na ruwa a kemis don mura. Ƙwayar bairos ce take kawo mura, antibayotik kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa. Majina ta koma kore ko ruwan ɗorawa ba hujja ba ce, haka mura take yi idan ta kwana biyu. Abin da za a samu shi ne gudawa da asarar kuɗi, sannan ƙwayoyin cutar su saba da maganin, ranar da ake matuƙar bukatarsa ya ƙi ci.

Na huɗu maganin tari na kwalba. Ga ƙananan yara amfaninsa bai taka kara ya karya ba, wasu kuma suna sa barci mai nauyi wanda zai ɓoye miki alamar haɗari. Mai ɗauke da kodin gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018. A 2022 kuma yara kusan 70 ne suka rasu a Gambiya bayan ƙodarsu ta daina aiki, aka danganta abin da gurɓatattun magungunan tari da mura na ruwa. Duk maganin da za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Sirace da tafasasshen ruwa ba na yara ba ne, ƙuna ake samu. Man zafi ko man kaɗanya kuma kada a cusa a hancin jariri. Na farkon yana ƙara masa wahalar numfashi, na biyun yana iya gangarawa huhu.

Mataki na huɗu: a asibiti

Ki tafi da katinsa da duk kwalaben maganin da ya sha. Ki faɗi kwana nawa da fara tarin, da adadin numfashin da kika ƙirga. Malamin zai sake ƙirgawa, ya auna nauyi, kuma in akwai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya auna iskar oksijin da ke jini. Idan ta gaza 90 cikin ɗari, kwanciya ce da ƙarin iska. Kada robar hanci ta tsorata ki. Mutane na cewa wanda aka sa wa oksijin ya zo gangara, alhali jinkirin sa ta ne yake kisa.

Limoniyar da ba ta yi tsanani ba, amoksisilin ne maganinta, safe da yamma, yawanci na kwana biyar. Akwai ƙwayar miligiram 250 mai narkewa a ɗan ruwa ko nono. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, ɗan shekara 1 zuwa 3 ƙwaya biyu, ɗan shekara 3 zuwa 5 ƙwaya uku. Na kawo wannan ne don ki iya tambaya idan abin da aka rubuta ya shige miki duhu, yanke hukuncin na wanda ya duba yaron ne. Idan ya amayar cikin rabin awa da sha, a sake ba shi. Zuwa kwana na biyu ko na uku za ki ga ya warware, a nan ne da yawa suke ajiye sauran maganin don ƙaninsa. Ki ƙarasa masa abinsa. Ki koma bayan kwana uku a sake dubawa, ko kafin haka in ya ƙi sha ko numfashin ya ƙaru. Mai tsanani kuwa allurai ake yi masa a gadon asibiti; idan daga sha-ka-tafi aka tura ku babban asibiti, ki nemi a ba shi kashin farko na magani kafin ku kama hanya.

Tarin da ke da nasa kamannin

Ɗan ƙasa da shekara biyu da ya fara da mura sannan ƙirjinsa ya riƙa fito idan yana fitar da iska, yawanci bairos ne ya kumbura ƙananan hanyoyin iska. Yakan fi tsanani a kwana na uku zuwa na biyar. Antibayotik ba ya yi masa komai, abin lura shi ne tsotsonsa da numfashinsa.

Idan fiton yana dawowa duk sanyi ko duk ƙura, musamman da dare, a duba ko asma ce. Maganin shaƙa na salbutamol shi ne daidai, kuma ba ya sa sabo kamar yadda ake yaɗawa. Ƙaramin yaro ba ya iya shaƙarsa kai tsaye, sai da mazurari. In babu na saye, ana yinsa da gorar ruwa ta mililita 500: a huda gindinta daidai bakin maganin, a fesa sau ɗaya a ciki, yaron ya yi numfashi biyar ko shida ta bakin gorar. Ki sa malamin asibiti ya nuna miki da hannunsa.

Tari mai kama da haushi da dishewar murya cikin dare, kumburin maƙogwaro ne. Ki rungume shi a zaune ya natsu, domin kuka na ƙara toshe hanyar. In ƙarar jan iska ba ta tafi ba bayan ya yi shiru, asibiti. Tarin shiƙa kuma a jere yake zuwa har yaro ya shiɗe ko ya yi amai, jariri ma yakan ɗauke numfashi ba tare da tarin ba.

Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya, da wani farin abu ko toka-toka da ya shimfiɗu a can ciki, a yi zargin mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, kuma akasarin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba. Kada a kankare farin abin, jini zai yi. Maganin gubarsa a asibiti kaɗai yake, kuma sauran yaran gidan su ma sai an duba su.

Bayan ya tashi

Ki ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan na kullum har mako biyu, da ƙwai, wake, gyaɗa, kifi ko zogale gwargwadon hali, don ya mayar da abin da ya zube. Ki ɗauko katinsa ki duba: allurar BCG ta tarin fuka a haihuwa, penta (mai kare cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo) da ta limoniya a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, da ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata shida da haihuwa. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma wanda ya tsallake wata ba a cewa ya makara, daga inda ya tsaya ake ɗorawa.

Ɗan busasshen tari kan ragu a hankali bayan mura. Amma idan ya wuce kwana 14, ko yaron yana ramewa, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya, ko akwai babba mai daɗaɗɗen tari a gidan, a kai su duka biyun gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati, kuma ƙananan yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon akwai maganin kariya da ake ba su ko da ba su fara tari ba.